Yaren da Ya Rage a Bakin Margret

Duk wanda ya zauna a unguwar Lokuwa ta Mubi ya san Baba Zacharia, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai ɗan ranƙwafawa, wanda ko gaisawa kuke yi ƙafarsa ɗaya tana kan hanya. A coci ma kujerar bakin ƙofa yake zama, don in wa'azi ya yi tsawo ya fita ya zagaya ya dawo. Matarsa Margret takan ce da ana sayar da zama a kasuwar Mubi, da tuni ta auno masa mudu guda.

An haife shi a wani ƙauye a gindin duwatsun Michika. Tun bai yi gemu ba ya bi wata babbar mota ya zama yaron mota, a nan ya koyi tuƙi, daga baya ya samu aikin direba a ofishin gona. Aikin ya dace da shi. Yau yana Uba da buhunan taki, gobe yana Betso, ya ajiye mota inda hanya ta ƙare ya bi malaman gona a ƙafa. A irin wannan yawon ne wata damina motarsa ta kafe a cikin rafi kusa da Sahuda, ya wuni yana tonon yashi yana ba ta wuta. Wata budurwa da ke dawowa daga gona ta tsaya tana kallonsa, can ta ce, "In ka ci gaba da taka ta haka, a nan za ka kwana." Ta je ta kirawo samarin unguwarsu suka tura. Margret ke nan.

Shi Kamwe ne, ita Gude. Bai iya yarenta ba, ba ta iya nasa ba, kuma babu wanda ya ɗauki wannan abin damuwa, don gidaje da yawa a Mubi haka suke. Da Hausa ya nemi aurenta, da Hausa suka yi faɗa suka shirya, da Hausa suka raini 'ya'yansu uku: Edwin babba, da ƙannensa mata biyu da ke aure a Yola da Jos. Abin da Zacharia ya sani a Gude bai wuce gaisuwa ba, sai yadda ake cewa an ƙoshi. Ko lokacin gudu, da 'yan bindiga suka shigo Mubi kowa ya watse, suka bi ta Sahuda suka tsallaka Kamaru a ƙafa, ita ce ta riƙa magana da mutanen hanya, shi yana biye da kaya a ka.

Ritaya ba ta karɓe shi ba. Tun ranar da ya miƙa makullin mota ya zama kamar wanda aka ɗaure. Ya kwance rediyon gidan ya kasa mayar da ita. Ya sake wa kejin kaji wuri har kajin suka daina ƙwai. Da safe sai ya tafi tasha ya tsaya yana kallon motocin Yola suna lodi, yana gaya wa direbobi tayarsu ta baya ta yi sanyi. Margret kuwa tana da abin yinta: keken ɗinkinta, da akuyoyinta, da ɗan lambun kuɓewa a bayan ɗaki, da zumuntar mata.

Sai ga maganar Edwin. Yana Kanada da matarsa, yana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma an haifa masa 'ya, Miracle, wadda kakanninta ba su taɓa ɗauka ba sai dai su gan ta a waya. Ya ce akwai hanyar da iyaye za su zo su zauna da 'ya'yansu na tsawon lokaci, su shirya. Zacharia bai jira an maimaita ba. Ya ɗauki Margret suka je Yola aka yi musu fasfo. Ya shiga wajen masu gwanjo ya sayo wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, ya sa ta da tsakar rana cikin zafin Mubi yana zagaya tsakar gida yana zufa.

"Baban Edwin, cire abin nan kafin ka suma," in ji Margret.

"Gwaji nake yi. Ke ma ki gwada taki."

"In na je can na gwada. Wa zai duba mini akuyoyi?"

Tana da hawan jini tun da daɗewa, amma maganin sai ran da kanta ya yi ciwo take sha. Edwin ya yi ta faɗa a waya, ya ce kafin a ba su izinin shiga sai likita ya duba su, sai an yi musu inshorar lafiya, don haka ta daina wasa da magani. Takan ce to, ta ajiye wayar, ta koma kan kekenta.

Wata safiya tana tsinkar kuɓewa Zacharia ya ji ƙarar kwano ya faɗi. Ya same ta a ƙasa, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Ya fita titi ba takalmi ya tare keke napep. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. 'Yan matan suka zo daga Yola da Jos, aka yi ta jinya, Zacharia yana sintiri daga ɗakin marasa lafiya zuwa wajen sayar da magani, daga can zuwa bakin ƙofar asibiti, ya dawo, har ma'aikatan jinya suka roƙe shi ya samu wuri ya zauna.

Ta rayu. Ƙafar ta fara motsi a hankali, hannun ya ƙi. Bakin ne ya daɗe a rufe. Ranar da ya buɗe, Zacharia yana tsaye a kanta, ya sunkuya da murna don ya ji, sai ya ji maganar da bai gane ko kalma ɗaya a ciki ba. Ya ɗauka harshen ne bai warware ba. Ta sake faɗa, a hankali, tana kallon idonsa. Babbar 'yar ta ce, "Baba, kamar fa Gude take yi."

Gude take yi. Hausar da ta yi shekara arba'in tana yi da shi ta tafi, Turancin da take karanta Littafi Mai Tsarki da shi ya tafi. Likitar da ke duba ta, wata mata marar yawan magana, ta ce hakan yana faruwa. Ciwon yakan taɓa wajen magana a ƙwaƙwalwa, wani lokaci yaren da mutum ya fara ji a bayan uwarsa shi ke saura. Ta ce mai yiwuwa sauran su dawo, mai yiwuwa su dawo rabi, babu wanda zai yi alkawari. Idan an yi mata Hausa a hankali takan gane wani abu, amma in ta buɗe baki ta amsa, Gude ke fitowa.

Da aka sallame su, 'yan matan suka koma gidajensu, gida ya rage daga shi sai ita. Ta yi magana, ya kawo ruwa. Ta girgiza kai, ya kawo zane. Ta sake girgiza kai, ya kawo fo, ya kawo man zafi, ya kawo fitila da rana tsaka. Ta juya fuska bango hawaye yana bin gefen bakin da ya karkace. Shi kuma ya fita tsakar gida ya yi ta kai da kawowa yana magana shi kaɗai.

A haka Adda Fatu ta shigo dubiya. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su, Musulma, mijinta ya rasu, tana sayar da man gyaɗa da ƙuli. Zacharia ya san ta shekaru, amma bai taɓa tambayar asalinta ba, don da Hausa da Fillanci yake jin ta. Ashe 'yar Gella ce, Gude ce gaba da baya. Tana jin Margret ta yi magana sai ta ajiye kwanon da ta shigo da shi ta amsa mata. Margret ta kama hannunta da hannun hagu ta riƙe, magana ta yi ta zuba kamar an fasa tulu.

"Me take cewa?" in ji Zacharia. "Adda, me take cewa?"

"Ta ce akuyarta mai ciki, ka daina ɗaure ta a rana. Kuma matashin nan ya yi mata tudu, wuyanta ciwo yake."

Shi ke nan abin da take nema tun da suka dawo. Zacharia ya zare matashin, ya fita ya kwance akuyar, ya tsaya riƙe da igiya ya rasa inda zai sa kansa.

Edwin bai janye maganar tafiya ba, ƙara mata ƙarfi ma ya yi. A waya fuskarsa ta faɗa, idanunsa ja. "Baba, kullum ina wanke iyayen wasu, ina ba su abinci a baki. Uwata tana kwance a can. A nan akwai masu koya wa mutum tafiya, akwai masu koya masa magana daga farko. Ku kawo ta kawai."

Wannan magana ta zauna wa Zacharia daidai, don abin da ransa ke so ke nan. Ya riga ya ga kansa a jirgi. Ya shiga gaya wa mutanen tasha cewa da zarar Maman Edwin ta taka ƙasar can, Turawa za su mayar mata da bakinta. Ranar komawa asibiti ya gaya wa likitar, yana jiran ta yaba.

Ta gama auna jinin Margret kafin ta ɗago. "Baba, ban ce kada ku je ba. Amma ba yanzu ba. Jininta bai zauna ba tukuna, kuma zaman jirgi mai tsawo ga wadda ƙafarta ba ta motsi sosai yana da nasa hatsarin. Ka kuma ce wa ɗanka ya bincika da kyau ko inshorar da zai yi mata za ta ɗauki ciwon da ta riga ta zo da shi. Ba kowace ke ɗauka ba."

"Zai bincika. Yaron yana aikin asibiti ne."

"To. In sun je koya mata magana, da wane yare za su koya mata?"

"Da Turanci mana. Ta iya Turanci."

"Ta iya a da. Yanzu in wani wuri yana mata ciwo, wa za ta gaya wa?"

"Ni ina nan ai."

Likitar ta dube shi, ta ci gaba da rubuta magani. Zacharia ya fito ransa a ɓace. A keke napep ya yi ta mita, wai likitocin nan ba sa son mutum ya je inda aka fi su. Margret tana gefensa tana kallon hanya.

Cikin magungunan da aka ba ta akwai wata ƙaramar ƙwaya da aka ce tana hana jini daskarewa. Zacharia ya riƙe maganar magani da hannu biyu, don ya sa a ransa cewa ranar da jinin ya zauna, ranar za su kama hanya. Ana haka aka yi wa Adda Fatu rasuwa a Gella, ta tafi zaman makoki ta daɗe. A bayanta ne Margret ta fara ƙin ƙwayar. In ya miƙa mata sai ta rufe baki. In ya matsa, ta karɓa ta tofar. Tana dafa cikinta tana maimaita wata magana guda, safe da yamma.

Ya ɗauka yunwa ce, ya dama kunu. Ta sha kaɗan ta ture. Ya ɗauka taurin kai ne irin na da, lokacin da sai kanta ya yi ciwo take shan magani. "Maman Edwin, wannan halin ne ya kwantar da ke," in ji shi, muryarsa ta hau. "So kike mu tabbata a nan?" Ta dube shi ta sake faɗin maganar nan, tana buga cikinta da tafin hannu.

Masu jin Gude ba su da wuyar samu a Mubi. Da ya leƙa titi ya yi kira, da ya samu mutum kafin ya rufe baki. Amma ya ga abin kunya ne ya kirawo baƙo ya shigo har ɗaka ya gaya masa abin da matarsa ke cewa. Sai ya koma daka ƙwayar yana zuba mata a kunu ba ta sani ba. Ta yi ta yin fari, in ta miƙe da sanda za ta bayan gida sai ta dafa bango ta rufe ido. Shi kuma yana ta waya da Edwin kan wace hanya jirgi zai bi.

Ranar da Adda Fatu ta dawo, ko gidanta ba ta shiga ba ta leƙo. Ta saurari Margret, ta ja fatar idonta ta duba, sai ta juyo. Zacharia bai taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Baban Edwin, tun yaushe take faɗin wannan?"

"Ta kwana biyu. Rigimar magani ce kawai."

"Ba rigima ba ce. Ta ce cikinta yana ci kamar wuta duk lokacin da ta sha ƙaramin maganin. Ta ce bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin. Ta ce ta daina sha amma wutar ba ta daina ba, ba ta san dalili ba."

Zacharia ya san dalili. Ya dubi kofin kunun da ke kan kujera.

A asibiti aka ce ƙwayar ta ci mata ciki, jini yana zuba a hankali ta ciki, da an ƙara jinkiri da labarin ya sauya. Aka ƙara mata jini, aka sauya magani. Ya gaya wa likitar abin da ya yi da kunun, kansa a ƙasa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce maganin yana yi wa wasu haka, abin da ake bukata shi ne a ji da wuri. Kalmar nan ta "a ji" ita ta bi shi har gida.

Ya kira Edwin ya gaya masa. Yaron ya ce a asibitocin can akan kira mai fassara ta waya, zai nemi na Gude. Bayan kwanaki ya kira ya ce ya nema, ya tambayi duk inda ya sani, bai samu ba. Inshorar ma, waɗanda ya tuntuɓa sun ce sai ciwon ya daɗe da lafawa kafin su yi magana. "Amma Baba, ba a rufe ƙofa ba. Mu ba ta lokaci."

Zacharia ba mutumin ba wa abu lokaci ba ne. Washegari da sassafe ya buga ƙofar Adda Fatu ya ce ta koya masa Gude. Ta yi dariya har ta saki muciya. Da ta ga da gaske yake, sai ta ce ya zauna nan kusa da kaskon ƙuli. Bai iya zaman ba, a tsaye ya koya. Ya fara da jiki: kai, ciki, ƙafa, zafi, sanyi, jiri. Ya bi ta kasuwa yana tare matan da suka sauko da kaya daga ƙauye yana gwada musu, su yi ta dariya suna kiran juna a zo a ji. Harshensa na Kamwe yana murɗe kalmomin. Wata rana ya shiga ɗaki ya tsaya gaban Margret ya tambaye ta da Gude ko ƙafarta tana ciwo. Ta zuba masa ido. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata ta gefen bakin da ke aiki, har da hawaye. Adda Fatu ta leƙo ta ce, "Ka tambaye ta ne ko ƙafar jakinta ta warke."

Tun da ta kwanta bai ji dariyarta ba sai ranar. Ya sake faɗa da gangan don ta ƙara.

A cikin wannan koyon ne ya lura da wani abu: duk maganar tafiyar nan, shi da Edwin da likita suke ta yi, babu wanda ya tambayi mai jikin. Ya haɗa 'yan kalmominsa ya tambaye ta, Adda Fatu tana gyara masa. Margret ta daɗe tana magana, tana tsayawa tana neman kalma, don ko Guden ma ba duka ya rage mata ba.

"Ta ce ita Sahuda take so," in ji Adda Fatu. "Wajen ƙanwarta Mairamu, ta yi damina a can, inda in ta yi tari za a san me take nufi. Ta ce kai kuma ka tafi ka ga jikarku, ka ɗauke ta a hannu, ka dawo ka ba ta labari."

"In tafi in bar ta? A'a. Gaya mata ba zai yiwu ba."

Margret ta ƙara wata magana, gajera. Adda Fatu ta rufe baki da gyale.

"Me ta ce?"

"Ta ce sintirinka ya ishe ta. Ta ce in kana gidan nan ko barcin rana ba ta samu."

Ya yi ta jan ƙafa, yau ya ce zai je, gobe ya ce ya fasa. Ya je Sahuda ya duba ɗakin da za ta zauna, ya dawo, ya sake komawa ya duba hanyar bayan gida ko sanda za ta bi. Ya sayi abin auna jini ya koya wa Mairamu. Ya nuna mata kowane magani da lokacinsa, ya sa ta maimaita har ta gaji ta ce, "Mijin yaya, na haifi shida na raina, ba zan kasa ba wa mutum ɗaya magani ba." Ya shirya da wani mai keke napep da zai riƙa kai su asibiti ranar ganin likita. Sai da likitar da kanta ta ce jinin ya fara zama, sannan ya hau motar Yola don kama jirgi.

Kanada ta ba shi mamaki kwana kaɗan, daga nan ta fara matse shi. Sun ce lokacin zafinsu ne, shi kuwa da rigar gwanjonsa yake yawo. Edwin da matarsa su fita aiki, a kai Miracle wajen raino, a bar shi da talabijin. Ya fita ya bi titi, tsaf-tsaf, ba kowa a ƙafa, ba wanda zai ce masa sannu. Jikar ce kawai daɗinsa. Yakan goya ta da tawul yadda ya ga Margret tana yi, ya yi ta zagaya falo da ita. In ya kira Sahuda sai an hau tudu kafin a ji shi, ya yi 'yar gaisuwarsa da Gude, Margret ta amsa, layin ya yanke.

Sai gwiwarsa ta kumbura, tsohon ciwon taka kulocin mota. Edwin ya duba inshorarsa ya kai shi wani ƙaramin asibiti, suka daɗe a layi. Likitan mutumin kirki ne, amma maganarsa gudu take. Zacharia da ke alfahari da Turancinsa na ofis ya kasa kama ko rabi. Aka tambaye shi yaya ciwon yake. Ya buɗe baki zai ce kamar tururuwa ke tafiya a cikin ƙashin, in dare ya yi kuma ta koma cizo. Turancin bai zo ba. Ya juya ya faɗa wa Edwin da Hausa, Edwin ya taƙaita shi cikin kalma biyu, likitan ya gyaɗa kai ya rubuta.

"Ba haka na ce ba," in ji Zacharia a mota.

"Kusan haka ne, Baba."

"Kusan."

Suka isa gida. Da yamma ya ce wa Edwin ya sauya masa ranar komawa. Edwin ya roƙe shi, ya ce ko rabin lokacin bai yi ba. Ya ce ya sani. Suka zauna su biyu a kicin, Edwin yana juya kofi a hannu. "Baba, in wani abu ya sami uwata a can, ina nan ina canza wa uwar wani zanen gado fa."

"Na sani. Ka zo da Kirsimeti ka gan ta. Ka zo da yarinyar nan. In uwarka ta samu sauƙi ta ce za ta zo, ni zan kawo ta da kaina. Amma da bakinta za ta faɗa."

Ya sauka Mubi gyaɗa ta nuna. Ko jakarsa bai kwance ba ya wuce Sahuda. Ya sami Margret a gindin mangwaro, tana tsinke gyaɗa daga jikin ganye da hannun hagu, sandarta a jingine. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskar ta ɗan daidaita. Ya gaishe ta da Gude, ta amsa. Ta dube shi sama da ƙasa, bakinta ya yi ta motsi, sannan ta ce da Hausa, a rarrabe, "Ka... rame." Sauran maganar ta bi da Gude, ya tsinci kalmar yarinya a ciki, ya ciro waya ya durƙusa da gwiwar da ke ciwo yana nuna mata hotuna.

Mairamu ta ce Hausar takan leƙo haka, kalma ɗaya, biyu, ta sake ɓuya. Likitar ta ce a ci gaba da yi mata magana da duka biyun. Edwin bai daina bincike ba, duk mako da sabon abin da ya ji. Zacharia kansa in an tambaye shi a tasha ko zai koma, yakan ce bai sani ba, kuma gaskiyarsa ke nan.

Margret ta ce in an gama girbi za ta dawo Lokuwa. Tun da ya ji haka ya tashi gidan tsaye. Ya kafa ƙarfen dafawa daga ƙofar ɗaki har bayan gida. Ya kira magini ya zo ya rage tudun bakin ƙofa, magini ya ce sai jibi. Bai iya jiran jibi ba. Ya ari guduma ya hau fasa simintin da kansa, ƙura ta tashi, kaji suka watse. Adda Fatu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko rushe gidan zai yi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya san Edwin ne. Ya share zufa da gefen riga, ya ɗaga, ya ce, "Ina jin ka, yi magana da ƙarfi, aiki nake."